Allon Luba

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau, ina kuma gaida duk mai bibiyata, har da ku 'yan gaggawa da kuka cika wa jikata waya da ƙorafin wai tsohuwa ta faye kewaye-kewaye, ku dai a kai ku wurin soyayya. To ga ta nan tafe. Amma ku sani ba a lambu aka yi ta ba, a unguwar Nima aka yi ta, bakin babbar kwata, 'yan shekaru bayan Turawa sun sauke tutarsu, ina 'yar shekara goma sha tara. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari ta ajiye wayar ta je ta ɗora girki.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Sahadatu. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu mu uku a ɗaki ɗaya cikin gidan haya: ni, da mahaifiyarmu Mma mai sayar da kayan yaji a kasuwar Makola, da ƙanwata Luba. Wan mahaifinmu, Baffa Garuba, falken goro ne, shi ya riƙe mu tun ranar da aka ɗauki gawa, kuma ban taɓa jin ya yi mana gori ba. Ku riƙe wannan, don kada anjima ku ce mugu ne.

Luba tana da shekara takwas, ba ta taɓa cewa ko Mma ba. Kyakkyawa ce, doguwar fuska, gashin ido kamar an zana, amma ba ta kallon kowa cikin ido. Wuninta a bayan ƙofa yake, tana jera murafen kwalba layi ɗaya miƙaƙƙe, in ka ture ɗaya da ƙafa ka jawo wa gidan tashin hankali har magariba. Ƙarar turmi ko injin niƙa sai ta toshe kunne tana rangaji. Taɓa ta kuwa, ko kitso ba a iya yi mata, aski ake yi mata tana barci. Jikata ta ce yanzu likitoci suna da sunan abin, wai otizim. A Nima ta wancan zamani suna ɗaya muka sani, 'yar ruwa, wato ba ɗiyar mutane ba ce, mutanen kogi ne suka yi musanya tun tana zanen goyo.

Sai Wasiu. Bayarabe ne haifaffen Zango, wato unguwannin baƙi irin namu, mai rubuta sunaye da fenti a goshin manyan motoci, siriri, kullum da ɗigon shuɗi a bayan kunne da bai san da shi ba. Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa, na gyara har na gaji. Mu ba mu da wayar da kuke dannawa. Guntun katako yake ratayawa a ƙusa kusa da famfon unguwa, in ya zana tsuntsu da alli yana nufin in leƙo rumfarsa, in ya zana kifi yana nufin aiki ya yi masa yawa, in yi haƙuri. Matan famfo duk sun haddace, kafin in ajiye bokiti an ce da ni, "Sahada, yau tsuntsu ne." Mun daidaita, Baffa ma bai ƙi ba. Mahaifiyarsa ce, Iya, ta ce ba za ta kai goro gidan da ke da 'yar ruwa ba, don abin yana bin jini.

Wata ranar Talata jikan mai gidanmu ya kwashe murafen Luba ya watsa a kwata. Ta kama hannunsa ta gantsara masa cizo har jini. Washegari bayan la'asar Baffa ya zo cikin shuɗiyar babbar rigarsa mai ƙanshin goro, ya zauna a kujerar katako ɗaya tilo da muke da ita, bai ko taɓa ruwan da na kawo ba.

"Rabi'atu," ya ce da Mma, "mai gida ya ce ko yarinyar ko ɗakin."

Mma ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta.

"Na kai ta wurin malamai har na rasa na zuwa. An yi turare, an yi yanka, rubutu kuwa duk Alhamis tana sha. Ga wannan," ya nuna ni da haɓa, "ta zauna, aure ya zo har ƙofa ya tsaya. Akwai wani mutum a bakin kogi, gaba da garin Yeji. Ya san kan irin waɗannan. Bayan babbar Sallah zan yi arewa, zan tafi da ita."

Kowa a Zango ya san labarin mutumin. Ana kai masa yaro da farin ƙyalle da ƙwai, a juya baya a tafi, ba a waiwaye. Wai shi yake mayar da su ga masu su.

"Baffa," na ce, "wa ya taɓa dawowa daga wurinsa?"

"Ke," in ji Mma. Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana, "ke" ɗin nan kuwa na san ma'anarta, wato in ja bakina.

Baffa bai yi fushi ba. Ya dubi Luba da ke bayan ƙofa tana jera sababbin murafen da na tsinto mata, ya daɗe yana dubanta.

"Kina tsammanin daɗi nake ji? Ɗiyar ƙanena ce, in ɗiyarsa ce. Amma ɗan mutum, ko kurma ne, ko bebe, in an ɗora masa allo yana rubuta sunan Allah. Abin ruwa ne ba ya iyawa."

Don ya rufe zancen ya faɗa. Ni kuwa na cafke.

"In ta rubuta fa?"

"In ta rubuta Bisimilla da hannunta, ni Garuba zan saɓa ta a kafaɗa in zaga Nima da ita, mai gida kuma ya sha zamansa, in nema muku wani ɗakin. Amma kada ki kawo mini wasa. Na san hannunki, kamar kaza ta bi ta cikin tawada. Na san na yaron nan mai fenti, shi ko alifi ya ja sai ka ce tallar sabulu zai yi."

Na amsa da to, alhali ban san ta inda zan fara ba. An taɓa kai Luba makarantar allo sau ɗaya. Malam ya kama hannunta zai ɗora mata alƙalami, ga yara suna ta rera karatu, ta yi ihu har ta shiɗe, a goye aka dawo da ita.

Da safe na tarar da kifi a famfo. Na ce yau ko kada ya zana sai na je. Na ja Luba da bakin mayafina, don haka take yarda a ja ta, muka bi lungu har rumfarsa can gefen Kotobabi inda ba hayaniya. Na zayyana masa komai ina kuka. Ya goge hannu da tsumma.

"Sahada, ni ba malam ba ne," ya ce. "Amma maigidana da ya koya mini aiki, wata shida bai yi mini magana ba. Gefensa kawai nake zama. Bar shi ya zauna gefena mu gani."

Bai gaida Luba ba, bai ko kalle ta ba. Ya ɗebo ruwa a gwangwani, ya ɗauki babban burushi, ya durƙusa kan daɓen siminti ya ja layi ɗaya dogo daga sama zuwa ƙasa. Ya ja wani a gefensa, ya ƙara wani. Luba tana kallon bango, amma ni da na san ta na ga wutsiyar idonta tana kan burushin. Haka muka yi ta zuwa kullum da hantsi, Mma tana kasuwa. Ita Mma ta san muna zuwa, amma ta ɗauka zance nake zuwa ina fakewa da yarinya, ni kuma ban so in ɗaga mata rai da abin da ban tabbatar ba.

Ran da Luba ta ɗauki burushin da kanta, na cusa mayafi a baki don kada in yi guɗa. Ta ja layinta, miƙaƙƙe kamar an gwada. Ta tsuguna tana kallonsa. Rana ta taso, ruwan ya fara bushewa, layin ya ɓace daga sama zuwa ƙasa, sai ta fasa wata irin ƙara tana dukan simintin da tafin hannu, tana neman inda ya shiga. Da ƙyar muka kai gida.

"Na gane," in ji Wasiu washegari. "Abin da ya yi, bai son ya tafi. Daga yau ba ruwa."

Ya tattaro ragowar katakai da guntun fenti. Yana da wani zare da yake turmuɗawa cikin garin alli, ya ɗaure shi tsakanin ƙusa biyu, ya ɗaga tsakiya ya saki, sai ga farin layi ɗoɗar a kan katako. Ranar da ya fara yi a gabanta na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ta, Luba ta yi dariya. Wata 'yar gajeriyar dariya ce kamar shaƙuwa. Sai da ya ɗaga zaren nan ya saki har hannunsa ya yi fari fat.

Matsalar ita ce hannu. Ta yaya za ka nuna wa yaro lanƙwasar baƙi ba ka riƙe hannunsa ba? Masu fenti suna da wata sanda siririya mai dunƙulen tsumma a kai, da suke jingina hannu a kanta don kada ya yi rawa. Ita Wasiu ya miƙa mata ta gefe, yana kallon wani wuri. Ta ƙi, ta ƙi, ran nan ta kama. Ya ɗaure ƙaramin burushi a bakin da take riƙe, shi yana riƙe da ɗaya bakin, yana tuƙa ta a hankali kamar mai tuƙa kwalekwale. Da ta saba, ya koma yi mata ɗigo-ɗigo tana haɗawa. Daga nan ya riƙa rage ɗigon, yana sassauta sandar, har ya zama riƙe ta kawai yake yi, ita ke tafiya.

Kada ku ɗauka abin ya tafi sumul. Akwai makon da ba ta taɓa komai ba saboda an matsar da benci daga inda yake. Alifi kaɗai ta yi ta ja har katakai suka ƙare. Da muka zo kan sin kuwa, haƙoransa uku ne, amma Luba in ta fara ba ta tsayawa, sai ta jera haƙora har ƙarshen katako ta gangara kan siminti. Sai da Wasiu ya riƙa gitta sandar a gabanta bayan na uku kamar shinge. Alƙalamin kara ma ta jefar da shi, ya yi mata siriri, ga ƙarar da yake yi a kan allo. Wasiu ya naɗe shi da robar tayar keke har ya yi kauri, ya dasashe bakinsa a kan dutse, ya sa na ƙara wa tawada ƙaro ta yi kauri yadda ba za ta zubo mata a yatsa ba.

Abin da za ta kwaikwaya fa? Nawa rubutun kun ji shaidar da Baffa ya ba shi. Sai na tuna allon rubutun sha da Malamin unguwa yake aiko wa Luba duk Alhamis da safe, a ɗora a saman ƙofa inda ake ajiye duk abin da ke da sunan Allah, in Mma ta dawo kasuwa ta wanke ta ba ta ta sha. Na riƙa ɗauke shi a ɓoye cikin mayafi in kai rumfa, in mayar kafin la'asar. Luba takan ƙura masa ido kamar za ta haɗiye shi. Ba ta san me yake cewa ba, amma ba lanƙwasa ɗaya da ke wuce ta.

A cikin watannin nan na san ina son mutumin nan so na gaske. Ayyuka sun wuce shi saboda mu, direbobi suna zaginsa, bai taɓa zana mini kifi ba kuma. Ran nan na ce, "Mai fenti, in Iya ta ƙi har abada fa?"

"Iya zai sauko," ya ce, yana wanke burushi a kananzir. "Ni na ga yadda kike da ƙanwarki. Wanda ya ga wannan bai neman wani mace."

"Wata mace."

"To, shi ɗin."

Sallah ta zo ta wuce, Luba tana rubuta rabin Bisimilla a katako ta tsaya. Allo kuwa ba ta yarda ta taɓa shi da tawada ba ko sau ɗaya. Baffa ya aiko cewa motarsu za ta tashi ranar Asabar. Mma ta daina cin abinci sosai, ta sayo farin ƙyalle ta ɓoye a ƙarƙashin katifa tana tsammanin ban gani ba.

Ranar Alhamis matan gidanmu duk suka tafi bikin suna a unguwar Maamobi, gidan ya yi tsit, ba turmi ba rediyo. Malam bai aiko da allo ba, ashe ya tafi gaisuwar mutuwa. Ban kai Luba rumfa ba, jikina ya mutu, na zauna a bakin gado ina kallon kwallayen Mma da ke jere har rufi. Sai na ji motsi. Luba ta jawo allon da na saya mata, ta buɗe kurtun tawada, ta ɗauki alƙalaminta mai roba. Ba sanda, ba ɗigo. Ta kwantar da kai gefe guda, harshenta a waje kaɗan, ta fara daga dama.

Ta kai ƙarshen layi. Bisimilla cikakkiya, sin da haƙoransa uku. Ban motsa ba, ko numfashi a hankali nake yi. Ta sauko ƙasa ta sake wata, ta sake wata, kowace kamar an buga ta da hatimi, har ta cika allon tun daga wuya zuwa gindi. Hannun Malam sak, har da yadda yake jan wutsiyar mim. Hawaye suna zuba a cinyata, ba halin in rungume ta. A raina na ce, Luba, ashe kina ciki duk shekarun nan kina jinmu.

Da ya bushe na ɗauka da hannu biyu, tana bina da ido, na ɗora a saman ƙofa. Ina kuma zan ajiye sunan Allah, a ƙasa? Ta zauna a gabansa ta ɗaga kai tana kallo, lafiya lau. Na san in ta samu abin kallo irin wannan ba ta motsawa. Na ja ƙofa na kulle, na zura da gudu ba ko takalmi, na fara biyawa rumfa, muka wuce tasha tare da Wasiu muka samu Baffa yana lodin kaya.

"Baffa, ta rubuta. Ka zo ka gani."

Ya dube ni, ya dubi ƙafata. Ya saɓa rigarsa ya biyo mu, har yana wuce mu da sauri.

Tun daga famfo muka jiyo ihun.

Kasuwa ba ta ci ba bayan Sallah, Mma ta dawo da wuri. Muka same ta durƙushe a tsakar ɗaki da ƙaramar ƙwarya a hannu, baƙin ruwa ya ɓata gaban rigarta. Luba tana birgima tana buga goshi da ƙasa, ta cusa hannunta a baki tana cizo. Allon yana jingine da bango, a jiƙe, fari tas, ruwa yana ɗiga daga gindinsa.

"Ban san me ya same ta ba," in ji Mma tana haki. "Kullum sha take yi ba gardama. Yau ina zuba wa allon ruwa ta..."

"Mma, wane allo kika wanke?"

"Na Malam mana. Ba yau Alhamis ba?"

"Nata ne. Ita ta rubuta."

Mma ta dube ni, ta dubi allon. Ba ta yi karatu ba, amma ta shekara tana wanke rubutun Malam, ta san kamanninsa.

"Ya yi kyau da yawa," ta ce a hankali. "Na ɗauka na Malam ne. Wallahi ya yi kyau da yawa."

Baffa yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kun gani da idonku," ya ce. "Sunan Allah aka kusanto mata da shi take wannan."

"Baba, ba haka ba ne," in ji Wasiu, ya zube gwiwa biyu. "Yaron nan bai son abin da ya yi ya ɓace. Tun farko haka yake. Na rantse da Allah ya iya."

Ya ruga rumfa ya kwaso katakai ya baje a gaban Baffa. Baffa ya ɗaga ɗaya ya kai kusa da ido, ya sa farce ya nuna ɗigon alli a ƙarƙashin fentin.

"Wannan ɗigon na wane ne?"

"Nawa ne, Baba, amma na farkon ne, daga baya..."

"Kai ka ja, ita ta bi. Ban ce kun yi ƙarya ba, kun so ta ne, Allah ya saka muku. Ga allo nan, ga alƙalami. In ta yi sau ɗaya za ta yi sau biyu. Ina nan har safiyar Asabar."

Ranar Juma'a na yi duk abin da na sani. Na busar da allon, na shafa masa farar ƙasa, na ajiye kurtu a daidai inda yake jiya. Wasiu ya zo da zarensa ya ɗaga ya saki a gabanta, ko gezau. Ya miƙa mata sanda ta gefe, ta ture da ƙafa. Murafenta ma ba ta jera ba. Ta kwanta ta juya wa ɗakin baya, goshinta a kumbure, tana wani siririn nishi da bai tsaya ba. Mma ba ta je kasuwa ba, ta zauna a ƙofa kamar mai takaba. Na ji haushinta har cikin ƙashina, na kuma ji tausayinta fiye da haushin, don abin da ta yi shi take yi duk mako saboda 'yarta ta warke.

Da la'asar Wasiu ya kira ni waje. Ya tsaya yana kankare fenti a farcensa.

"Iya ya ce zai kawo goro ran Lahadi."

"Me ya sa sai Lahadi?"

Bai ɗago ba. Labari ya riga ya kai wa Iya cewa Asabar za a tafi da Luba, a share gidan.

"Ni ban ce ya yi daidai ba, Sahada. Saƙo aka ba ni."

Da safiyar Asabar Mma ta yi wa Luba wanka, ta sa mata atamfar Sallah mai ruwan goro da ɗankwalinta, ta ɗauko farin ƙyallen ta ƙulle cikin tsumma. Ni ma na sa tawa atamfar, na ƙulle zane biyu, da allo, da kurtu, da alƙalami. Ba wanda ya lura sai da muka isa tasha. Doguwar mota ce mai bodin katako, an jera benci a ciki, mata da kaji da buhunan gishiri. Yaran mota suka ɗaga Luba tana sandarewa suka ajiye ta a lungu. Na sa ƙafa a kan taya na haye bayanta.

"Ina za ki?" in ji Baffa.

"Baffa, tsakanin nan da kogi akwai tafiya. In ta rubuta a hanya fa?"

Ya daɗe yana kallona, mutane suna kallonmu.

"Alkawarina yana nan har bakin ruwa," ya ce. "Daga nan kuma ba ruwana da kukanki." Ya zagaya ya shiga gaba.

Wasiu ya iso yana haki, ya kama katakon bodin ta waje, fuskarsa daidai tawa.

"Sahada, sauko. Iya ya rantse, in kin bi motar nan ba goro, ba Lahadi, ba wata rana."

"Kai me ka ce?"

Bakinsa ya motsa, maganar ba ta fito ba. Na jira, wallahi na jira. Direba ya danna ham. Sai ya zaro sandarsa mai dunƙulen tsumma daga bayan riga, wadda ba ya iya aiki sai da ita, ya zuro mini ta tsakanin katakai. Na karɓa. Har yau ban san ko amsa ce ko sallama ba, a lokacin dai sallama na ɗauke ta, zuciyata kuma ta yi nauyi kamar dutsen niƙa.

Mota ta fara mirginawa. Sai ga Mma tana kutsawa cikin mutane, ɗankwalinta ya zame, tana bin gefen motar da gudu, matar da ban taɓa ganin ta ɗaga ƙafa ba.

"Sahadatu!"

Ranar ce ta fara kiran sunana a duniya. Ta miƙo wata ƙaramar kwalbar magani da aka toshe da tsumma, cike da baƙin ruwa.

"Ragowar rubutun ne. Ban zubar ba. Nata ne, ki ba ta abinta."

Na karɓa, mota ta fizga, Mma ta tsaya a tsakiyar hanya da hannu biyu a ka. Na juya zan ɓoye kwalbar don kada ta tayar da wani ihun, sai na ji an zare ta daga hannuna. Luba ce. Nishin nan ya tsaya. Ta ɗaga kwalbar saitin hasken da ke shigowa ta tsakanin katakai, ta kwantar da kai gefe guda, tana juya ta a hankali tana leƙa ciki, tana neman baƙaƙenta. Na ɗora allon a cinyata inda hannunta zai iya kaiwa, na ajiye alƙalami a kansa. Muka fita daga Nima muka kama hanyar Kumasi, ba ta sauke kwalbar ba.